Ƙorafin Ido Huɗu a Kan Mataimakinsa da Ya Koma Mwewe

Daga:
Malam Athumani Shekiondo,
Babban Mai Horarwa,
Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Nyuki,
Bayan Kasuwar Lemo, Korogwe.

Zuwa ga:
Mai Girma Malam Twaha Mndolwa,
Sakataren Kwamitin Gasar Ƙungiyoyin Gunduma,
Korogwe.

Litinin, 8 ga Oktoba, 2018.

GAME DA: Ƙorafi a kan Mbelwa Semkiwa, tsohon mataimakina, wanda ya koma horar da ƙungiyar Mwewe ana tsakiyar gasa, da roƙo dangane da wasan ranar 20 ga Oktoba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar da ta dace da kujerarka, da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni mai suna a sama na riƙe usur ɗin ƙungiyar Nyuki shekara talatin da ɗaya, ban taɓa aiko wa ofishin nan ko guntuwar takarda ba. Yau dole ta sa. 'Yata Mwanaidi ce ke bugawa, ni ina faɗa. Idan ka ga wata kalma ta yi laushi fiye da yadda ka san bakina, aikinta ne, don tun da muka zauna take cewa, "Baba, ba a rubuta wa hukuma haka."

Kamar yadda jadawalin ofishinka ya nuna, ranar Asabar 20 ga Oktoba za mu kara da Mwewe, ƙungiyar 'yan tashar mota, kuma shi ne wasan ƙarshe na bana. Idan suka ci mu, Nyuki ta faɗa rukunin ƙasa. Shugaban kwamitinmu, Dattijo Kombo Sheiza, ya riga ya faɗa a gaban jama'a cewa in hakan ta faru, ko in aka wayi gari ranar ba na kan benci, to in ajiye usur. Wanda zai zauna a ɗaya bencin kuwa shi ne mutumin da nake ƙara. Ga abin da nake tuhumarsa da shi.

1. Mbelwa Semkiwa ya zo mini a shekarar 2001 yana neman a gwada shi a tsaron baya. Ƙafarsa ta dama ado ce kawai, ta hagun kuma in ta buga ƙwallo sai an je nemo ta a gonar rogon da ke bayan raga. Na riƙe shi shekara takwas, ba don ya iya ba, sai don shi kaɗai ne ke zuwa atisaye a kan lokaci. Da gwiwarsa ta lalace a 2009 ban kore shi ba, na ce ya zauna kusa da ni. Tuwon gidana ya ci, ni na tsaya masa a matsayin uba ranar da aka kai kuɗin auren matarsa Mwajabu, ni na raɗa wa ɗansa na fari suna. Ban kawo wannan don gori ba. Na kawo ne don ofishinka ya san girman abin da aka taka.

2. Ranar Alhamis 13 ga Satumba, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ya same ni a ƙofar gidana ina shan shayi, ya tsuguna kamar mutumin kirki, ya zaro takardar sallama wadda dokar gasa ta ce sai babban mai horarwa ya sa wa hannu. Ya karanta mini ita daga sama har ƙasa, bai tsallake ko waƙafi ba, wanda ni a wurina yana cikin rainin. Sannan ya ce, "Malam, shekarata talatin da takwas. In ban gwada kaina yanzu ba, yaushe? In ka ce kada in tafi, ba zan tafi ba." Ranka ya daɗe, ka ji tarko. So yake ni, Athumani Shekiondo, in buɗe baki in roƙi mai tsaron bayan da ya taɓa cin gidansa sau biyu a wasa ɗaya. Na ce ya miƙo biro. Na sa hannu ne don in ga ko yana da kunyar da zai yaga ta a gabana. Sai ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya yi godiya, har da shanye ragowar shayin da na zuba masa. Don haka ina sanar da ofishinka cewa hannun da ke kan takardar nan nawa ne, amma jarrabawa ce na yi masa ya faɗi, ba izini ba ne.

3. Ranar Asabar 15 ga Satumba aka yi bikin gabatar da shi a tashar mota. Mai ƙungiyar Mwewe, Kassimu Mgaya, wanda iliminsa na ƙwallo bai wuce sanin cewa ba ta da kusurwa ba, ya tsayar da motocinsa uku suna ta hon, fasinjoji na ciki suna tsinuwa. Aka ɗora Mbelwa a saman mota inda ake ɗaure buhunan gawayi, aka sa masa wata jar kwat. An ce mini hannuwanta sun rufe masa yatsu, don ta kocin da ya gudu musu a watan Agusta ce, wani ƙato. 'Yan kamasho da 'yan acaba suka kewaye suna waƙa. Ina zaune a teburin mai shayin da ke tsallaken titi, da kunnena na ji Kassimu yana cewa a lasifika, "Mun cire wa Ido Huɗu ido biyu, saura biyu!" Jama'a suka kece da dariya. Shi wawan bai san abin da ya faɗa ba, baki ne kawai ya kai shi. Amma wanda ke tsaye a saman motar ya sani, kuma bai ƙwace lasifikar ba.

4. Wannan sakin shi ne wanda na kwana uku ina jinkirin faɗa, Mwanaidi kuma ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na tabbata.

Kowa a gundumar nan ya san laƙabina, Ido Huɗu. An ba ni shi tun zamanin da nake hango ɗan wasan da zai gaji kafin shi kansa ya sani. Yau shekara uku ke nan da ciwon yanar ido ya rufe mini idanu biyun. Daga benci ba na bambance mutum da turken raga. Ina ganin launi yana motsi, kamar mai kallo ta cikin ruwan wanke shinkafa. Ban faɗa wa kwamiti ba, ban faɗa wa 'yan wasa ba. Mbelwa ne kaɗai ya gane, ranar da na gai da buhun ƙwallaye a zaton mai tsaron fili ne.

Tun daga ranar muka tsara aiki. Yana zama a haguna da lemo da 'yar wuƙa, ya sunkuyar da kai kamar ba abin da ya dame shi sai ɓawo, yana yi mini magana ƙasa-ƙasa da Sambaa, yaren duwatsunmu, wanda yaran gari ba sa ji. "Malam, lamba bakwai ɗinsu ya riƙe ƙugu." "Malam, ɗan wasanmu Dossa ya bar bayansa a buɗe." Idan abu ya zo da sauri sai ya taɓa gwiwata da tasa: sau ɗaya hagu, sau biyu dama, in ya danna ya riƙe kuma alƙalin wasa ne ya yi ɓarna, in tashi in zage shi. Sai in miƙe in daka tsawa, in sauya mutum, mu ci. Gari ya ɗauka cewa Ido Huɗu ya kai matsayin da yake kallon wasa idonsa a lumshe. 'Yan Mwewe har suka daina shiga filinmu ta ƙofa, sai su haura katanga da gishiri a aljihu, wai don kada asirina ya kama su. Golansu ya taɓa yaga wando a kan wayar katangar, ya yi rabin lokaci yana tsaron raga da hannu ɗaya a baya.

Ina so a fahimce ni da kyau. Ido kawai ya ba ni, ido kuwa akuya ma tana da shi. Shi zai ce lamba bakwai ya riƙe ƙugu, ni ne na san me ake yi da mutumin da ya riƙe ƙugu. A shekara ukun nan mun ɗauki kofi sau ɗaya, mun zo na biyu sau ɗaya. Ya san halin da nake ciki fiye da matar da na binne, ya san saura wasa huɗu a gama gasa, kuma ya tashi ya bar haguna wayam.

5. Ga abin da tafiyarsa ta jawo, da kwanakinsa.

Ranar 22 ga Satumba, a wasanmu da 'yan Mombo, na yi minti goma ina yi wa mai ɗaga tuta ihu, don rigarsa ruwan ɗorawa ce irin tamu. Ina cewa, "Dossa, uban me kake yi a bakin layi? Shiga ciki ka kama mutum!" Daga ƙarshe ya juyo ya ce, "Baba, ni fa tuta aka ba ni." Na ce masa na sani, gatse nake yi, tunda tun ɗazu Mombo yake buga wa. 'Yan kallo suka tafa mini. An ci mu biyu da nema.

Ranar 29 ga Satumba na ba da umarni a fitar da lamba biyar ɗinmu a sa wani, ashe minti goma sha biyar da suka wuce aka ba shi jan kati, yana zaune a ƙarshen bencin yana cin rake. Wannan karon ba wanda ya tafa.

Ranar 6 ga Oktoba na sa Mwanaidi ta zauna a haguna da lemo. Malamar lissafi ce, ta haddace abubuwan da ni ban san sunansu ba, amma abin da na samu daga gare ta a minti casa'in shi ne, "Baba, suna gudu," da "Baba, wani ya faɗi." Na ce namu ko nasu? Ta ce, "Mai kyan nan." Ga shi yanzu tana cewa ba za ta buga wannan ba, na ce ta buga. Ta kuma yanke yatsa wurin ɓare lemon. An ci mu uku da ɗaya.

Wasa uku, kashi uku. Ƙungiyar da ke ta huɗu a tebur ranar da ya ninke takardarsa yau ita ce ta biyu daga ƙasa.

6. Ina kuma ƙarar shirunsa. Ranar Lahadi 30 ga Satumba aka gayyace shi shirin wasanni na rediyon gari, washegarin abin, maganar jan katin nan ta cika kasuwa. Mai shirin ya matsa masa, "Koci, kai ka zauna da shi shekara tara, mene ne sirrin Ido Huɗu, kuma me ya same shi kwanan nan?" Kassimu Mgaya yana gefe yana zuga shi, "Fasa ƙwan, koci, fasa kowa ya ji." Ina zaune da rediyo a cinya, na riga na shirya wa kunya. Sai na ji ya ce, "Malam yana ganin abin da ba kowa ke gani ba. Ni a gefensa na koyi kallo." Ya wuce zuwa maganar takalman 'yan wasa.

Mutane sun ce ya yi ladabi. Ni na ce ya ɗaure ni ne. Wa ya roƙe shi rufin asiri? Yanzu kullum sai in kwana in tashi da sanin cewa mutuncina na shekara talatin da ɗaya yana cikin aljihun kwat ɗin aro, ranar da mai ita ya ga dama ya zaro. In yaro ya zage ka, ka san yadda za ka yi da shi. Amma yaro ya tausaya maka a rediyo, duk gari na ji, ba ka da bakin ramawa. Shi ya sa na faɗa da kaina a sakin na huɗu, da sa hannuna a ƙasa. Daga yau ba shi da abin da yake riƙe mini.

7. Na bar mafi muni a ƙarshe. Ranar Laraba 3 ga Oktoba da hantsi, matarsa Mwajabu ta zo gidana da nonon ayaba a kai da ambulan a hannu. Shi bai da fuskar zuwa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ɗanka ya ce a kawo maka wannan, ya ce don Allah kada ka yaga kafin a karanta maka." Na ce ba ni da ɗa a tashar mota. Ta ce, "To jikanka ne ya aiko, shi ma kana da abin cewa?" Yarinyar nan tun tana amarya bakinta ya fi na mijinta aiki.

Takardar asibitin mishan ce da ke kan dutse. Likitocin ido suna zuwa can sau ɗaya a shekara, su yi kwana biyu suna cire wa mutane yana, su tafi. An rubuta sunana, an ba ni rana, an ce bayan aikin sai na yi mako uku ban shiga rana da ƙura ba. Ranar da aka ba ni, ranka ya daɗe, ita ce Asabar 20 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe.

Kai mai hankali ne, ba sai na tauna maka ba. Mutumin da zai fuskance ni ranar 20 ga wata ya samo mini gadon asibiti ranar 20 ga wata. In na je, Dattijo Kombo ya karɓe usur, a zaunar da wani ɗan kwamiti mai sayar da siminti a kan bencina, Mwewe ta wuce ta kanmu. In ban je ba, sai baɗi, in yanar ta bar abin da za a cire. Ko ta ina shi ya ci.

Mwanaidi ta nace sai na ambata cewa hatimin da ke kan takardar na 11 ga Yuni ne, wata uku kafin ya tafi, kuma a lokacin wasanmu da Mwewe yana ranar 13 ga Oktoba, sai daga baya ruwan sama ya sa aka tura jadawali gaba da mako ɗaya. Na ambata. Ta kuma ce in faɗa cewa shekara uku yana damuna da maganar asibitin nan ina korarsa, saboda ranar da aka ga Ido Huɗu a layin makafi magana ta ƙare. Na faɗa. Ni abin da na fahimta a nan shi ne tun watan Yuni yake shirin tafiya, yana ɓare mini lemo yana neman inda zai ajiye ni.

Saboda waɗannan dalilai, ina roƙon ofishinka mai daraja da abubuwa kamar haka.

Na farko, a rubuta a kundin gasa cewa Mbelwa Semkiwa ya bar aikinsa saura wasa huɗu, yana sane da abin da ya bari, don masu zuwa nan gaba su san irin mutumin da 'yan tasha suka ɗora a saman mota.

Na biyu, a umarce shi ya dawo da 'yar wuƙar ɓare lemo mai ƙotar ƙaho. Tawa ce, ta mahaifina ce.

Na uku, a ɗage wasan Nyuki da Mwewe zuwa Asabar 10 ga Nuwamba. Ba tsoro ne ya sa na nema ba. In ofishinka ya ƙi, zan cusa takardar asibitin a murhu, in zauna a bencina ranar 20 ga wata da haguna wayam, in yi wa duk launin da ya motsa ihu har a tashi. Amma rabona da ganin fuskar mutumin nan shekara uku ke nan. An ce furfura ta fito masa a gemu. Ina so in gan shi da idona daga benci zuwa benci. In mun ci su, in ga yadda fuskar za ta yi. In kuma shi ya ci, in ga yadda ya jera yaransa a fili, don in san ko akwai abin da ya shiga kansa a shekara tara.

Na san dokar gasa ta ce ba a ɗage wasa sai masu horar da ƙungiyoyin biyu sun sa hannu a fom ɗaya. Ni dai ba zan taka tashar mota in roƙi kowa ba, na yi niyyar cewa ofishinka ya aika masa. Sai yanzu da muka kawo nan Mwanaidi take gaya mini cewa takarda biyu ce a ambulan ɗin Mwajabu, ta ɓoye mini ta biyun don kada in yaga ta cikin fushi. Fom ɗin ɗage wasa ne. Ya cike shi, ya sa 10 ga Nuwamba, ya sa hannu tun 3 ga wata. Ban san yadda ya ƙare da Kassimu Mgaya ba, kuma ban tambaya ba.

Ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a sama ba. Sai ma in ƙara tuhuma ta takwas. Fom ɗin yana da layi biyu, na sama na ƙungiyar da za a yi wasa a filinta, wato Mwewe, na ƙasa na baƙi. Ya tsallake nasa, ya sa hannu a na ƙasa, inda ya saba sawa a ƙarƙashin nawa a takardun Nyuki shekara tara, ya bar mini na sama. Mutum yana amsa sunan babban koci, har da kwat, bai san inda ake sa hannu ba. Mwanaidi ta ɗora mini yatsa a kan layin, na sa nawa. Ina roƙon a karɓa a haka, kada a mayar masa ya gyara.

Ina jiran amsar ofishinka kafin Juma'a 19 ga wata, don motar da ke hawa dutsen ƙarfe biyu na rana take tashi. Allah ya ƙara wa kujerarka daraja, ya ja da ranka.

Naka mai biyayya,

Athumani Shekiondo (Ido Huɗu),
Babban Mai Horar da Ƙungiyar Nyuki.

An haɗa da: kwafin takardar sallama ta 13 ga Satumba, kwafin takardar asibiti, da fom ɗin ɗage wasa mai ɗauke da hannu biyu.